Makullin da Na Share da Hannuna

Ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta. Na daɗe ina faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni wannan maganar, har matata ta ce in na ƙara faɗa sau ɗaya za ta kai wa tela ya ɗinka min ita a gaban riga, in huta da ɓata yawu.

Gaskiya ce kuwa. A lokacin ina da shagon buga takardu a Mubi, kwamfuta uku, injin fotokofi ɗaya, da wani janareta da sai an lallashe shi yake tashi. Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo, ɗan manoma daga Mugulbu, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce yana son koyon kwamfuta. Da na zaunar da shi, ya damƙi linzamin da hannu biyu, ya ɗaga shi sama yana jiran kibiyar ta motsa. Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya ni. Tun daga ranar yake kirana Oga, kuma har yau bai canja ba.

Shekara ɗaya yana tambaya ina amsawa. A shekara ta biyu ya fara yin tambayoyin da nake kauce musu da cewa, "Ba daga nan ake farawa ba." A ta uku ya daina tambayata. Sai in shigo shago in tarar da shi ya buɗe wani baƙin allo yana ta rubuta abubuwan da ban san kansu ba, in wuce ta bayansa kamar ina neman biro, alhali leƙe nake yi. Da haka na tsinci ginin shafin intanet, rabi a littafi, rabi a bayan kafaɗar ɗalibina. Wannan ɓangaren ba na faɗa wa masu saurarona.

Akwai ƙungiyar 'yan hatsi a kasuwarmu, ta haɗa 'yan kasuwar da iyayensu suka zo daga Katsina da Sakkwato da manoman Lamorde da Mugulbu da kewaye. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana cikin waɗanda suka kafa ta, ya kuma mutu yana da rumfar wake da gyaɗa a wurin. Shugabanta aminin mahaifina ne, wani Alhaji da na tashi ina kiransa Baba. Da suka yanke shawarar buɗe shafin da masu saye daga kudu za su riƙa ganin kayan da ake da su suna yin oda, ban ko yi shakkar wanda za a bai wa aikin ba. Har suna na zaɓa wa shafin a raina. Sai na ji an bai wa ɗan Mugulbu.

Na je na yi masa murna, na riƙe hannunsa na daɗe ina jijjigawa. Da na dawo gida na kasa cin tuwo. Shekara uku yana kula da shafin nan, shekara uku ina buɗe shi kusan kullum ina neman inda ya yi kuskure, ban samu abin kirki ba sai wani hoton buhun masara da ya ɗan karkace.

Ana nan sai wani kamfani a Yola, masu gina wa makarantu da asibitoci shafuka, suka ɗauke shi aiki. Makonsa na farko a can, kafin ya dawo ya miƙa aikin ƙungiya, ya sa hotonsa a waya: yana zaune a ofis mai labule, kwamfuta mai allo biyu a gabansa, ga katin aiki rataye a wuyansa da shuɗiyar igiya. Na buɗe hoton nan ya fi sau talatin. Na ja shi da yatsa na ƙara girmansa don in karanta abin da aka rubuta a katin. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hassada ce, irin wadda take zama a ƙarƙashin haƙarƙari ta hana mutum numfashi sosai. Ban so ya rasa aikin ba. So nake a ce ni ne a kujerar, shi kuma yana Mubi yana kallon hotona.

Ni aka miƙa wa shafin, wato ragowarsa aka ba ni. Haka na ɗauki abin, ko da yake Baba ya ce, "Yanzu kam aiki ya dawo hannun ɗan gida." An yi miƙa aikin a ofishin ƙungiya, gaban dattawa biyar da ke kan tabarma. Ya ba ni takarda mai ɗauke da kalmar sirrin shiga saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, wadda ake haya a wata ƙasa mu kuma muke shigarta daga nan. Sannan ya ce, da irin Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji:

"Oga, na bar maka folda ɗaya a cikin saba ɗin. Akwai takarda a ciki. Don Allah ka karanta shi kafin ka taɓa komai."

A gaban aminan mahaifina, mutumin da ya ɗaga linzami sama yake ce min in karanta kafin in taɓa. Na ce, "To," na ninke takardar na sa a aljihu. Kunnuwana suna ta zafi har na fita daga kasuwa.

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da duk 'yan layinsu suke da ita. In mutum ya karɓi rumfa daga hannun wani, ba ya sa ko buhu ɗaya sai ya fitar da duk abin da tsohon mai ita ya bari, tsumma ne, tsohon mudu ne, igiya ce, ya share ta tas har lungu, ya yayyafa ruwa. Sai an yi haka rumfa take zama taka. Na ga ya yi sau biyu ina yaro, ni ne ma mai riƙe masa bokiti. Saboda haka washegari da safe na shiga saba da niyyar shara. Na goge tsofaffin hotuna, na goge gwaje-gwajen da ya bari, na kai kan foldar. Sunansa ne a kanta. A ciki akwai wasu fayiloli uku ko huɗu masu sunaye marasa kan gado, da ɗaya da ya rubuta wa suna "Oga ka karanta". Na kalle shi na ɗan lokaci. Ban buɗe ba. Na goge foldar gaba ɗaya, kuma na ji wani sanyi ya ratsa ni kamar na sha ruwan randa.

Ya kira ni sau uku a makon nan ban ɗauka ba. Ya turo saƙo: "Oga ka ga takardan?" Na amsa da kalma biyu, "Na gani." Bayan kwana goma ya sake turo wani: "Oga me ka ce?" Na ɗauka so yake in yaba masa tsarin aikinsa, na bar saƙon ba amsa.

Mako shida komai na tafiya. Na gyara hoton buhun masarar nan da ya karkace, na ji kamar na gina masallaci.

Wata Alhamis da safe Baba ya aiko a kira ni. Na tarar da shi riƙe da wayarsa nesa da fuskarsa, kamar yadda masu tsufan ido suke yi. A kan allon, maimakon hoton wake da gyaɗa, wani jan gargaɗi ne da Turanci yana cewa wannan shafin ba amintacce ba ne, mai yiwuwa ɓarayi na ƙoƙarin sace bayananka.

"Ɗana, mene ne wannan? Mu ne ɓarayin?"

Wani babban mai saye daga kudu ne ya buɗe shafin zai yi odar wake, ya ga gargaɗin, ya bugo waya yana tambaya ko 'yan damfara sun ƙwace shafin. Ya ce zai sake dubawa ranar Litinin, in ya ga abin nan yana nan, zai nemi wake a wata kasuwar.

Na san abin da ya faru. Kowane shafin da ake shigar da suna da lambar waya a cikinsa yana da wata shaida da ake kira satifiket ɗin SSL. Wani kamfani da duniya ta yarda da shi ne yake bayarwa, yana shaida cewa shafin na masu shi ne, kuma abin da aka rubuta a ciki ba mai tsinta a hanya. In shaidar tana nan lafiya, sai ka ga ɗan hoton kwaɗo a saman allo. In wa'adinta ya ƙare, sai jan gargaɗi. Namu ya ƙare a daren Laraba. Sabon kuwa ya daɗe da isowa ta imel ɗin ƙungiya, domin ɗan Mugulbu ya nema tun kafin ya tafi, ni ne na bar shi a ajiye ina cewa sai lokaci ya yi.

"Baba, aikin minti goma ne," na ce.

"Madalla. Amma in ya fi ƙarfinka kada ka ji kunya, ka faɗa min. Sai in kira na Yola ya ci gaba da kula mana da shi daga can, ai an ce ana iyawa."

Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, amma ni ji na yi kamar ya mare ni. In Litinin ta yi da jan gargaɗin nan, shafin zai koma hannun wanda na karɓa daga gare shi, kuma duk layin hatsi za su san cewa ɗan gida ya riƙe aiki mako shida ya gaza.

Na koma shago na sauke sabon satifiket, na ɗora shi a inda tsohon yake, na ce wa saba ta sake tashi. Ta ƙi. Da farko jan gargaɗi kawai ake gani, yanzu shafin gaba ɗaya ya ɗauke, ko gargaɗin ma babu. Na buɗe inda saba take rubuta koke-kokenta, na ga layi ɗaya: makulli bai dace da satifiket ba.

Kowane satifiket yana da makullinsa na sirri, wani fayil da ake ƙerawa a cikin saba a ranar da za a nemi satifiket ɗin. Su biyun tare ake yanka su, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa, na wani ba ya buɗe na wani. Na san wannan a karatu. Amma ga makulli ina gani a saba, a inda ya kamata ya kasance, don haka na ce kuskuren daga wani wuri ne.

Na mayar da tsohon satifiket don shafin ya dawo ko da gargaɗinsa, na shiga bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko wurin kwafa na yanke wani layi, na sake saukewa na sake ɗorawa. Na ce ko wani fili ya shiga tsakanin haruffa, na bi su da ido layi-layi har suka fara rawa. Na duba ko saba ba ta da izinin karanta fayil ɗin, tana da shi. Na duba agogonta, daidai yake. Na duba ko sunan shafin da ke jikin satifiket ya bambanta da namu, bai bambanta ba. Masu son fotokofi suna shigowa ina korarsu da hannu. Har na fara jin daɗin wani tunani, cewa ɗan Mugulbu ne ya yi kuskure wurin nema, ga shi Allah ya kawo ranar da zan nuna wa dattawa. Na tsara yadda zan faɗa ma, cikin tausasa murya, kamar ina ba shi uzuri.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na yi abin da ya kamata in fara yi tun jiya. Akwai wani umarni da ke fitar da lambar shaidar makulli, da wani da ke fitar da ta satifiket, in na juna ne lambobin za su zo iri ɗaya. Na gwada makullin da tsohon satifiket, suka zo ɗaya. Na gwada shi da sabon, ko harafin farko bai yi kama ba. Ashe makullin da nake gani na bara ne. Da zai nemi sabon satifiket ya ƙera sabon makulli, kamar yadda masu tsafta a aikin suke yi, ya ajiye shi a wani wuri yana jiran ranar ɗorawa. Na bincike saba lungu-lungu ban same shi ba. Sai na tuna fayilolin nan uku ko huɗu masu sunaye marasa kan gado.

Babu wanda ya yi min wannan sai ni.

Da na koma gida matata ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu?" Na ba ta labari, na rage wasu wurare. Ta gane inda na rage.

"Ka kira shi mana."

"In kira shi in ce me?"

"Ka ce kai ne ka koya masa riƙe linzami," ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ban kira ba. Amma na san lokacin cirar gyaɗa ne, kuma na san ba ya barin tsofaffinsa su yi ta su kaɗai, duk Asabar yana gida. Da sassafe na saka laftof a jaka na hau Keke Napep zuwa Mugulbu. A hanya ina ta shirya maganar da zan yi wadda ba za ta zama roƙo ba.

Mahaifiyarsa na tarar a ƙofar gida tana shanya gyaɗa a kan buhuna. Ta san ni tun zamanin da yake koyo a shagona, ta taɓa aiko min da kaza.

"A'a, Malam! Sannu da zuwa. Yaya mata naka, yana lafiya? Yara fa?"

Ta nuna min hanyar gona, ta ce in tsallaka mayo, wato ɗan rafin da ke bayan gari, zan gan shi ƙarƙashin tsamiya. Na same shi a sunkuye, tsohuwar riga a jikinsa, ƙafafu duk laka. Na yi zaton ganinsa haka zai sanyaya min rai. Bai sanyaya ba. Sai ma na ji haushin yadda mutum zai iya zama ofis mai labule ranar Juma'a, ya ciri gyaɗa ranar Asabar, kuma duka biyun su yi masa kyau.

"Oga! Kai ne da kanka? Lafiya kam?"

Ya goge hannu a wando ya gaishe ni da hannu biyu. Na ce wucewa nake na ce bari in leƙo. Ya kalli jakar laftof ɗin, ya kalli hanyar da ba ta zuwa ko'ina sai gonarsu, ya ce, "Ka kyauta." Muka zauna a inuwa. Na ce, af, tunda ma na zo, akwai wani ɗan abu da sabar nan take yi.

Ya kunna min intanet daga wayarsa, muka ɗora laftof a kan buhun gyaɗa. Ya karanta layin kukan saba sau ɗaya.

"Ai sabon makulli yana cikin folda da na bar maka."

"Foldar ta ɓace," na ce. "Ban san abin da sabar ta yi ba."

Ya jawo laftof ɗin, ya buɗe jerin umarnin da aka taɓa bai wa saba, yana ja sama. Na manta sam cewa saba tana ajiye wannan. Ina zaune a gefensa na hango layin da na rubuta da yatsuna, umarnin gogewa, da sunansa a ƙarshe. Na san ya gani, domin yatsansa ya tsaya. Sai ya share allon da sauri ya ce, "Saba yana yin haka wani lokaci."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ji kunya, kuma a ƙarƙashin kunyar na ji wata sabuwar hassada, domin na san da ni ne a wurinsa ba zan iya yin shiru ba.

Na ce, "To ka ba ni kwafin da ke wurinka."

"Ba ni da shi, Oga. Ranan da na miƙa maka aiki na goge nawa. Makullin ɗaki da ba nawa ba, me zan yi da shi a aljihu?"

Na ɗauka shi ke nan, sai dai in koma wurin Baba in ce a nemi wani satifiket daga farko, in kuma bayyana dalili. Ya ga fuskata ya yi dariya. Ya ce ba a sake saye, kamfanin da ya bayar yana sake bugawa in makulli ya ɓata, sai dai a ƙera sabon makulli a aika musu sabuwar buƙata. Shekara nawa ina wannan sana'a ban san haka ba.

"Kalman sirri na shiga wurinsu yana cikin takardan," ya ce, idonsa a kan allo. "Bari in tuna maka."

Ya faɗa, na rubuta a bayan hannuna. Sannan ya turo min laftof ɗin ya ce, "Oga, kai ka buga, hannuna da ƙasa." Hannunsa ba shi da wata ƙasar da ta hana shi bugawa ɗazu. Na ƙera sabon makulli, na haɗa buƙata, na aika. Kamfanin ya turo saƙon tabbatarwa ta imel ɗin ƙungiya, na amsa. Muka zauna jira muna ɓare ɗanyar gyaɗa, yana tambayata labarin janaretan shago, ko har yanzu sai an roƙe shi. Kafin azahar sabon satifiket ya iso. Na ɗora shi, na nuna wa saba sabon makulli, na ce ta tashi. Ta tashi. Na buɗe shafin a laftof, ga ɗan kwaɗo a sama, ga buhun masarata a miƙe.

Na fara rufe laftof zan tashi, ya ce, "Tsaya tukuna. Dattawan nan ba laftof suke da shi ba." Ya zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wadda yake zuwa gona da ita, ya buɗe shafin. Jan gargaɗi.

Na ji kamar in jefa laftof ɗin cikin mayo. Ya tambaye ni fayil nawa kamfanin ya turo. Na ce biyu, amma ɗayan ba sunan shafinmu a jikinsa, na bar shi.

"Shi ne matsalan. Oga, in baƙo ya kawo kaya kasuwanku, wa yake yarda da shi haka kawai? Sai fatoma, mai masaukin baƙi, ya tsaya masa, shi kuma fatoma sarkin kasuwa ya san shi. Wannan fayil na biyu shi ne fatoma. Laftof naka ya taɓa haɗuwa da shi a wani wuri, shi ya sa ya yarda. Wayan nan bai san shi ba."

Ɗan manomi yana koya wa ɗan mai rumfa yadda kasuwa take, kuma daidai ya faɗa. Na haɗa fayilolin biyu, namu a sama, na mai tsaya masa a ƙasa, na sake tayar da saba. Kwaɗo ya fito a fasasshiyar wayar.

Mahaifiyarsa ta hana ni tafiya sai da na sha kunu, ta kuma ɗaura min gyaɗa a leda. Shi kuma ya rako ni bakin hanya. Muna tsaye muna jiran keke, yana ta tona ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, sai ya ce:

"Oga, wancan magana kuma, kar ka riƙe ni a zuciya. Na san bai kamata yaro ya kira oganshi aiki ba, shi ya sa ban iya faɗa da baki ba, na rubuta a ƙasan takardan na cikin folda. Kuma a gaban su Alhaji ba dama, za su ce zan kwashe musu mutane duka."

Ban san maganar da yake nufi ba.

"Mutum biyu suke so a Yola. Na ba su sunanka, na ce kai ka koya min. Sun jira sati uku. Da ka ce ka gani, kuma na tambaye ka ba ka ce komai ba, sai na gaya musu ba ka so. Sun ɗauki wani daga Michika."

Keke ya taho daga nesa yana tsalle a kan ramuka. Ina jin ledar gyaɗar tana zame min daga hannu, na ƙara damƙe ta. Yana kallona, kuma har yau ban sani ba ko kallon mai neman gafara ne ko na wanda ya riga ya gane komai tun a ƙarƙashin tsamiya yana ba ni dama in faɗi gaskiya. Da na ce ban karanta ba, da ba abin da zai dawo, amma da na faɗi gaskiya sau ɗaya a ranar.

"Ba komai," na ce. "Na fi son nan ɗin. Ka san iyali."

"Haka na ce musu," ya ce, ya tsayar min da keken.

Ranar Litinin mai sayen nan ya buɗe shafi ya yi odarsa. Baba ya ɗaga wayarsa yana nuna wa dattawa ɗan kwaɗon ɗaya bayan ɗaya, ko da yake rabinsu ba sa ganinsa sai sun runtse ido. Ya dafa kaina ya ce, "Ban gaya muku ba? Ɗan gida ne. Ba sai mun kira Yola ba." Suka yi ta sa min albarka, suna cewa mahaifina bai mutu ba. Na sunkuyar da kai na karɓa, ban gyara masa ba.

Har yanzu ni ke kula da shafin. Duk shekara in lokacin sabunta satifiket ya yi, nakan ƙera makulli, in gwada lambobin kafin in ɗora, in haɗa fayil na biyu, in duba a tsohuwar waya. Ban ƙara goge abin da ban buɗe ba. Matata ta lura na daina maganar linzami, ba ta tambaye ni dalili ba.

Kwanakin baya ya sa wani hoto, su ma'aikatan ofis sun jeru a gaban ƙofa. Na ja shi da yatsa na ƙara girmansa, amma ba shi nake kallo ba wannan karon. Wanda ke tsaye a damansa nake kallo, wani siriri mai tabarau, ɗan Michika. Ban taɓa haɗuwa da shi ba, bai taɓa yi min komai ba, ko sunana bai sani ba. Igiyar katinsa shuɗiya ce ita ma.